Ja da Kore a Rigar Dogari

Duk wanda ya taɓa ganin hakimin Bebeji, ko na Ƙiru, ko na Tudun Wada ya hau ran Salla, ya san ido kan riga faɗawa kan dogarai kafin ya kai ga mai sarautar. Girman rigarsu ba shi ne dalili ba. Dalilin shi ne an gama ja da kore a jiki guda, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa kaifi.

Wani Bafaranse, Chevreul, shugaban marinar Gobelins ta birnin Faris, ya bayyana wannan a littafinsa na 1839: launi biyu masu gaba da juna, in sun yi maƙwabtaka, sai kowanne ya ƙara fitowa. A 1878 Ewald Hering ya nuna asalin abin a cikin ido yake, watau ja da kore hanya ɗaya suke bi, kamar guga biyu a igiya guda. Malami na iya gwada wa ɗalibai wannan: su ƙura wa jan ƙyalle ido na ɗan lokaci, sa'an nan su dubi farin bango. Inuwa mai kore-kore za su gani.

Harshenmu ma ya shaida. Mukan ce ja-ja, mukan ce kore-kore, amma babu launin da Bahaushe ke kira ja mai kore-kore, domin ido bai taɓa ganinsa ba. Kowanne da amsa-kamarsa: ja wur, kore shar.

To, amma ba kowane gami ke da kyau ba, nan ne kuwa madinka suka bambanta. Riga ta ƙwarai takan bar ja ya rinjaya, ga jan rawani a bisa, kore kuwa ya shigo fale-fale masu faɗi. Ido ya sami wurin sauka. Wadda aka yanka ƙyalle ƙanana daidai wa daida, in rana ta take sai iyakokinta su riƙa rawa, daga nesa kuma, cikin ƙurar dawaki, launukan su cuɗe su koma ƙasa-ƙasa. A ganina wannan riga ta kāsa, ko da ɗinkinta ya fi tsada, gama aikin dogari shi ne a hango shi tun daga nesa a ba da hanya.

Mai son ganin ma'aunin da ya dace, sai ya bi hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa da damina, ta dajin Falgore. Can kore ne ya rinjaya, jar ƙasa ta ratsa shi siririya.