Motar Fern: Sharhi a kan Fim ɗin Nomadland

Sau biyu na kalli Nomadland, fim ɗin Chloé Zhao na 2020 wanda ya cinye kyautar Oscar uku a 2021. A karon farko barci ya kusa sace ni. Sai a na biyu na gane cewa ba Frances McDormand ce kaɗai jarumar ba, har da tsohuwar farar motar da take kwana a ciki.

Labarin gajere ne. Kamfanin da ke riƙe da garin Empire a jihar Nevada ya rufe masana'antarsa a watan Janairun 2011, gari ya watse. Fern, wadda mijinta ya rasu, ta kwashe ɗan abin da ya rage mata ta zuba a mota, ta raɗa mata suna Vanguard, ta kama hanya.

Inda fim ɗin ya burge ni shi ne yadda ya ɗauki gyaran motar nan da muhimmanci. Fern ta kafa gado a ciki, ta mayar da akwatin kamun kifin mijinta ma'ajiyar kaya, ta adana farantan da mahaifinta ya ba ta. Bokiti ne makewayinta, kuma ba a ɓoye mana ba. Ranar da tayarta ta yi faci, ga shi ba ta da safaya, tsohuwa Swankie ta yi mata faɗa irin na uwa kafin ta taimake ta. Sai ranar da inji ya buga. Bakanike ya ce gyara zai ci dala 2,300, motar kuwa ko an kai ta kasuwa ba za ta wuce 5,000 ba, gara ta nemi wata. Lissafinsa daidai ne. Ita dai ta ƙi, don ta san wahalar da ta sha a kan kowace ƙusa, ta gwammace kunyar ranto kuɗi wajen 'yar'uwarta.

Nan na tuna da kawuna a Damagaram da tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa. Shekara da shekaru muna yi masa dariya, kullum tana gareji, kullum ana jiran wani ƙarfe daga Kano. Bai taɓa iya gaya mana dalilin riƙe ta ba. Minti uku na wannan fim sun faɗa a madadinsa.

Amma ina da ja a wuri biyu. Littafin Jessica Bruder na 2017, wanda daga shi aka ɗauko labarin, ya nuna tsofaffi suna aikin awa goma a rumbunan Amazon, ƙafa na ciwo, ana haɗiyar maganin kashe zafi don a kai ƙarshen yini. A fim kuwa Fern na ɗaure kwali tana murmushi, har tana yaba albashin. Daga nan kyamara ta koma kan faɗuwar rana, fiyano na tashi a hankali. An shafa wa talauci hoda, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Ja na biyu kan sunan ne. Mu da muka tashi muna ganin Fulani da Buzaye mun san makiyayi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Da iyalinsa yake, da garkensa, ya san rijiyar da kakansa ya shayar, ya san inda zai yi mashekari. Fern ba ta da ko ɗaya. Aiki take bi kaka da rani: kwali a lokacin Kirsimeti, wankin ban-ɗaki a Dakota ta Kudu, girbi a Nebraska. A wurinmu wannan ɗan ci-rani ne, sai dai ɗan ci-rani yana da ƙauyen da zai koma idan hadari ya haɗo. Da Fern ta koma Empire a ƙarshen fim, ƙura ta tarar a ɗakin girkinta, ta fita ta ƙofar baya.