Outlander MAX: Goyo Ba Fargaba

Ku yi haƙuri da ni, yau yabo zan yi, kuma ba zan sassauta murya ba. Tun ina saurayi nake hawan babura, na kuma riƙe mota mai fowil, amma babu abin hawan da ya taɓa sa ni ɗokin wayewar gari kamar Can-Am Outlander MAX 650, babur mai ƙafa huɗu da mazaunin mutum biyu. Na hannu na saye shi, da 'yan ƙuje-ƙuje a jikin robarsa, don zirga-zirgar gonar shinkafa a fadamar Haɗeja. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa mutanen gida. Yanzu kam ko babu abin dubawa a gonar sai na ƙirƙiro shi.

Kujerar baya ita ce ta sace min zuciya, kuma a kanta zan daɗe. Yawancin masu ƙafa huɗun da ake gani na mutum ɗaya ne. Doguwar kujerar da ke kansu tana ruɗin mutane su ɗauka wurin goyo ne, alhali an tsawaita ta ne don direba ya riƙa matsawa gaba in zai hau tudu, ya ja baya in zai gangara. Ka ɗora mutum a can ƙarshenta, nauyinsa ya faɗa bayan tayoyin baya, sai ku fuskanci hawa, gaban babur ya ɗaga sama, sauran labarin sai a asibiti. Shi ya sa masu ƙera su ke manna gargaɗi a jikinsu cewa kada a yi goyo. A 2002 ne kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da Traxter MAX, na farko da maƙerinsa ya amince ya ɗauki mutum biyu, kuma daga wannan tsatson nawa ya fito. Ba kujera kawai suka ƙara ba. A irin nawa, tazarar tayoyin gaba da na baya suka tsawaita da kusan santimita 20, ta kai wajen mita ɗaya da rabi, don wanda aka goya ya zauna a cikin tsakiyar nauyin. Suka ɗaga mazauninsa sama kaɗan yadda zai hango hanya ta saman kafaɗar direba, suka yi masa majingina, da mariƙi hagu da dama, da matakin ƙafa nasa na kansa. Kai, wanda ya zana wannan kujera ya san darajar fasinja!

A kan Baffana na tabbatar. Dattijo ne da ya yi rantsuwar ya gama da goyon babur tun da gwiwa ta fara damunsa, ga shi kuma yana son ganin yadda shinkafa ta yi a tsakiyar Agusta, lokacin da hanyar fadama ta zama caɓi, mota ba ta ko tunkararta. Na kafa masa hular kwano, na ce, "Baffa, ku sa ƙafa nan, ku riƙe nan, ku jingina kawai." Ya hau yana ta salati a hankali. Muka shiga taɓon farko, ruwa ya kai rabin taya, na ji ya damƙe mariƙin. Muka fita. Muka shiga na biyu, muka fita. Kafin mu kai bakin gona sai na ji ya tafa min kafaɗa ya ce, "Kai ɗan nan, ashe ingarma ka saya ka ɓoye mana. Ɗan ƙara masa wuta mana!" Mutumin da ya hau da salati, shi ke neman a ƙara gudu.

To, injin. Rotax ne, na kamfanin da ke Gunskirchen a ƙasar Ostiriya, waɗanda har injinan ƙananan jiragen sama suke ƙerawa. Silinda biyu ne a karkace kamar harafin V, sisi 650, ƙarfin doki wajen 60, ruwa ke sanyaya shi. A takarda adadin ba zai firgita kowa ba, amma ka tayar da shi da asuba ka ji wannan gurnani mai kauri, ka danna totur da babban yatsa (ba a murɗawa kamar na acaɓa), sai ka ji ya ɗebe ka gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba. Babu kuloci, babu canjin giya a tafe. Bel ne ke daidaita komai da kansa. Naka kawai ka zaɓi babbar giya ko ƙarama, ko ribas. Shawarata ga duk mai irinsa: in da goyo, ko kaya, ko laka, ko hawa, ka sa ƙarama. Bel ɗin zai yi maka tsawon rai, kuma a nan ne ma za ka ga asalin ƙarfin.

Abin da yake yi a cikin laka kuwa ya isa a tsaya a kalla. Da maɓalli guda a hannun dama ake shigar da tayoyin gaba cikin aiki. A gaban akwai wata dabara da suke kira Visco-Lok: da zarar taya ɗaya ta fara juyawa a banza cikin santsi, sai ƙarfin ya koma kan 'yar'uwarta da ta taka ƙasa mai tauri. Kana zaune za ka ji abin yana faruwa a ƙarƙashinka. Taya ta yi wulwul tana feshin taɓo, sai ka ji wani ɗan cije-cije, sai babur ya yunƙura ya fito, laka na zuba daga jikinsa gudaji-gudaji. Kowace tayar baya tana da nata shokozoba, tana hawa da sauka ita kaɗai, don haka kunyar gona ko sawun tarakta da ya bushe ba ya jijjiga bayan wanda aka goya. Cikinsa kuma ya yi nesa da ƙasa kusan ƙafa guda. Nawa samfurin XT ne, ya zo da injin jan igiyar ƙarfe a hanci, wanda na fi amfani da shi wajen ciro baburan mutane fiye da ciro kaina.

Rani wani shagali ne daban. Ka shiga busasshen rafi da yamma, rairayi fari tas, ka sake shi a babbar giya, bayan yana ɗan wutsil-wutsil a kwana, ƙura na tashi a baya, ƙanena yana ihu a kunnena. Ba a magana!

Da na bi tarihin kamfanin Bombardier sai ƙaunar ta ƙaru. Joseph-Armand Bombardier bakanike ne a ƙauyen Valcourt da ke lardin Kebek. A hunturun 1934 ɗansa ƙarami ya kamu da ciwo, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. Uban ya duƙufa kan ƙera abin hawan da hanya ba za ta gagare shi ba, ya fito da motar kan ƙanƙara a 1937, sannan babur ɗin kan ƙanƙara Ski-Doo a 1959. Mu ba mu san ƙanƙara ba, amma duk wanda ya taɓa neman yadda zai fitar da mai naƙuda daga ƙauyen fadama cikin damina ya san wannan damuwar sarai. Tun 2003 sashen waɗannan ababen hawa ya zama kamfani mai zaman kansa, BRP, hedikwatarsa kuma tana nan a Valcourt ɗin.

Yana da nasa sharuɗɗan, ni kuwa na karɓe su hannu bibbiyu. Tankinsa lita 20 ne da ɗoriya, kuma ba shan ɗan acaɓa yake yi ba, musamman da tsadar man nan. Nauyinsa ya haura kilo 300, don haka ba abin wasan yara ba ne. Littafinsa ya ce sai ɗan shekara 16 zai tuƙa, wanda za a goya kuma sai ƙafarsa ta kai mataki. Hular kwano dole ce ga mutum biyun, ko da nan da can ne. Kwalta ba wurinsa ba ce, domin tayoyin bayan tare suke juyawa, a kan titi mai kama taya kwana tana iya yi maka ba-zata. Bayan kowace fitar laka sai na wanke lagireto tas, na duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa da wuri. Wallahi har wannan wankin daɗi yake min.

Sai batun taya. Ƙayar bagaruwa ba ta san Kanada ba, saboda haka kayan faci da ɗan famfo ba sa barin akwatina. Tayoyin nan iska kaɗan suke so, abin da bai wuce bakwai ba a ma'aunin mai faci, inda tayar mota ke shan talatin da wani abu. Laushin nan ne ke sa su baje a kan rairayi su kama laka. Duk mai facin da na tsaya wurinsa sai mun yi ja-in-ja. Zai danna tayar da yatsa ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai wannan babu iska sam, bari in cika maka ita." In ce, "Malam, don Allah bar min ita haka." Wani ya bi ni da kallon tausayi har na tayar, na ji yana ce wa yaronsa masu kuɗin nan ba sa jin magana.