Kamance Ko Hukunci? Tarken Muhawarar Kiristoci a Kan Kallon Dambe da Makamantansa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne yin tarken wasu rubuce-rubuce da malaman Kirista suka yi a kan tambaya guda: shin ya dace mai bi ya zauna ya kalli mutum biyu suna jibgar juna har ɗaya ya faɗi? Tun wajen shekara ta 200 aka fara rubutu a kan wannan tambaya, kuma har yanzu ba a rufe ta ba. Ba za a yanke hukuncin addini a nan ba, wannan aikin masu shi ne. Abin da za a duba shi ne yadda kowane ɓangare ya sarrafa harshe da nassi wajen gina hujjarsa. Za a ga cewa sau da yawa ɓangarorin biyu ba a kan mutum ɗaya suke magana ba. Masu halattawa idonsu yana kan wanda ke cikin fage, alhali tambayar da aka yi ta ɗan kallo ce.

2.0 Damben Manzo Bulus

Nassin da masu halattawa suka fi jingina da shi yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 9, daga aya ta 24 zuwa ta 27, inda ya kwatanta rayuwar mai bi da tsere, sa'annan da dambe. Mutanen Korinti ba baƙin wannan hoto ba ne, domin kusa da garinsu ake yin gasar Istimiya duk bayan shekara biyu, wadda ladarta kambin ganye ne. Damben Girkawa kuwa ba shi da turmi, ba a kuma awon nauyin 'yan wasa. Akan naɗe hannu da igiyar fata a yi ta bugu har ɗaya ya sallama ko ya kasa tashi. Sai masu halattawa suka ce, da abin ƙyama ne da manzo bai ɗauko shi ya yi misali da shi ba.

Raunin wannan hujja na ilimin adabi ne tun kafin ya zama na tauhidi. Abin da Bulus ya yi siffantawa ce, ita kuwa siffantawa takan ɗauki sifa ɗaya ta bar sauran. Idan Bahaushe ya kira jarumi zaki, ba ya nufin ya yarda da cin ɗanyen nama. Shi kansa Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, ya kwatanta zuwan ranar Ubangiji da zuwan ɓarawo, amma ba a taɓa jin wanda ya halatta sata da wannan ba. Daɗin daɗawa, wanda Bulus yake naushi a aya ta 27 jikinsa ne, kuma asalin ma'anar kalmar Girkancin da ya zaɓa shi ne bugun ƙarƙashin ido. Ke nan mai bugu da mai shan bugu mutum ɗaya ne. Mutanen da ya rubuta wa kuma tsere ya umarce su su shiga, bai tura su neman wurin zama ba.

Su ma masu hanawa ba su tsira daga irin wannan jan nassi ba. Ayar da ta kira jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki, a sura ta 6 ta wannan wasiƙa, cikin zancen fasikanci ta zo. Koyarwar juya ɗaya kuncin da ke cikin Matiyu sura ta 5 kuwa a kan ramuwar gayya take, 'yan dambe biyu da suka amince da karawa ba lalle ne akwai gayya tsakaninsu ba. Manazarcin Hausa ya san haɗarin ɗaukar kalma a zahirinta. A fagen damben gargajiya, da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa sai a ce an yi kisa, kuma waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago cike take da zancen mutuwa. Baƙon da bai san salon ba sai ya zaci makabarta ake cikawa kowace yamma.

3.0 Tartuliyan da Agustin

Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, shi ne ya fara keɓe wa wannan batu littafi sukutum, wanda ya kira De Spectaculis, wato a kan wasannin kallo. Ya rubuta shi don waɗanda aka yi wa baftisma da masu shirin karɓarta. Abin yabo ne cewa bai ɓoye matsalarsa ba, domin ya amince babu ayar da ta ambaci dandalin wasa da suna ta hana shi. Saboda haka sai ya koma ga Zabura ta 1, wadda ta yaba wa mai ƙin zama da mugaye, ya faɗaɗa ta har ta rufe kujerun dandali. Hujjarsa mafi nauyi ita ce wasannin sun samo asali daga bautar gumaka, mai bi kuwa ya yi alkawarin rabuwa da Shaiɗan ranar baftismarsa. Wannan hujja ta mutu tare da gumakan Rum. Wadda ta rayu ita ce ta gefe, inda ya ce naushi da shuri suna ɓata fuskar mutum wadda aka halitta cikin kamannin Allah, kuma abin da bai halatta a aikata ba bai halatta a kalla ba.

Salonsa na lauya ne, mai zafi da kambamawa. Har labari ya kawo na wata mata da ta je gidan wasa ta dawo da aljani, da aka tuhumi aljanin sai ya kare kansa da cewa a gonarsa ya same ta. Amma babi na 30, wanda ya rufe littafin da shi, shi ne ya tona asirin ginin duka. A nan ya yi wa Kiristoci albishir da wani kallo da ya fi na dandali, wato ranar shari'a, sa'ad da za su ga sarakuna da masu falsafa da 'yan wasa suna toyuwa a wuta, ya kuma ce zai yi dariya da murna. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga Tartuliyan bai kashe sha'awar ganin azabar wani ba. Ɗaga mata rana kawai ya yi, ya sauya mata wuri.

Agustin ya zo bayansa da kimanin shekara 200, kuma ya fi shi cin nasara domin bai yi gardama ba, labari ya bayar. A kashi na 6 na littafinsa Confessiones ya kawo labarin abokinsa Alifiyus, wanda ya je Rum karatun shari'a. Wata rana abokan karatunsa suka ja shi da ƙarfi zuwa dandalin da ake faɗa da takobi. Ya bugi ƙirji cewa gangar jikinsa kawai za su kai, ya zauna ya rufe ido. Sai wani mayaƙi ya faɗi, taron ya kece da ihu, ihun ya shiga ta kunne ya buɗe idon. Da ya ga jini sai ya kasa kau da kai, ya yi ihu tare da masu ihu, daga baya ma shi ne ke jan wasu zuwa wurin.

Ƙarfin wannan labari yana cikin zubinsa. Agustin bai bayyana sunan wanda ya faɗi ba, bai siffanta makaminsa ba, bai ma ce ya mutu ko ya rayu ba. Ya juya wa fagen baya ya fuskanci 'yan kallo, har ya mai da Alifiyus shi ne wanda aka sara, ya ce raunin da ya samu a rai ya fi wanda mayaƙin ya samu a jiki. Tauraron da ya zaɓa kuma ba ɗan iska ba ne, saurayi ne mai kamun kai wanda aka yi wa baftisma tare da Agustin a Milan a shekarar 387, daga baya ya zama bishop na Tagas a ƙasar Aljeriya ta yau. Wannan zaɓi ya toshe ƙofar da kowane ɗan kallo yake fita ta cikinta, wato cewa shi gwaninta yake kallo, jini bai dame shi ba. Sai dai labarin yana da aibinsa. Wanda ke kwance cikin jini ya zama kayan aikin wa'azi kurum, tausayin marubucin duk ya tafi ga abokinsa.

4.0 Daga Ran Ɗan Kallo Zuwa Ƙwaƙwalwar Ɗan Wasa

A ƙarni na 19 aka sami wata aƙida a Ingila mai cewa ƙarfin jiki da jarumta wani ɓangare ne na ibada. Thomas Hughes, a ƙagaggen labarinsa Tom Brown's School Days na 1857, ya keɓe babi guda ga faɗan ɗalibai biyu, ya kuma shawarci yara su koyi dambe. A Chicago, Bishop Bernard Sheil ya kafa ƙungiyar matasan Katolika a 1930, ya yi amfani da dambe wajen janye yara daga ta'addancin unguwa. George Foreman ya zama mai wa'azi bayan ya bar dambe a 1977, ya dawo ya sake cin kambin duniya a 1994 yana da shekara 45. A shekarun baya-bayan nan ma an sami wasu coci-coci a Amurka da ke koyar da damben keji don jawo samari, har aka yi fim a kansu mai suna Fight Church a 2014. Duk waɗannan misalai gaskiya ne, amma duk na masu yi ne. Horo da juriya da tashin asuba suna gyara wanda ya yi su. Ba a bayyana ta yadda suke ratsa gilashin talabijin su shiga jikin mai kishingiɗe a kujera ba.

Mutuwa ce ta sake tayar da muhawarar. Ranar 24 ga Maris 1962 Emile Griffith ya sumar da Benny Paret a turmi na 12 a New York, ana nunawa kai tsaye a talabijin, bayan kwana goma Paret ya rasu. A Maris 1963 Davey Moore, wanda ya ƙwace kambin duniya daga hannun Hogan Bassey na Nijeriya a 1959, shi ma ya mutu bayan karawarsa da Sugar Ramos, har Fafaroma Yohanna na 23 ya yi tir da wasan. Tsakanin waɗannan mace-mace biyu ne limamin Katolika Richard McCormick ya buga maƙalarsa a mujallar Sports Illustrated. Jigonta niyya. Ya ce a sauran wasanni rauni tsautsayi ne, a damben kuɗi kuwa raunata abokin karawa ita ce manufar, kuma dokokin wasan suna ba da lada a kanta. Wannan rarrabewa ta yi tasiri ƙwarai, kuma a kan irinta mujallar La Civiltà Cattolica ta Rum ta tsaya a 2005 da ta kwatanta damben kuɗi da yunƙurin kisan kai da doka ta amince da shi. Malaman Musulunci ma sun bi ta kusa da nan, domin majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta haramta damben zamani saboda an gina shi a kan cutar da juna.

McCormick ya cike gurbin da Agustin ya bari, ya mai da mai shan bugu mutum. Amma katangar da ya gina tsakanin nufi da tsautsayi ba ta jure binciken likitoci ba. A 2002 Bennet Omalu, likita ɗan asalin jihar Anambra, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan zari-ruga irin na Amurka wanda ya mutu yana da shekara 50, ya sami irin lalacewar da aka daɗe da sani a wajen 'yan dambe, ya buga sakamakon a 2005. Wani bincike na Jami'ar Boston a 2017 ya sami cutar a ƙwaƙwalwa 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan babbar gasar wannan wasa. Gaskiya ne iyalai ne suka ba da ƙwaƙwalen, kuma galibi waɗanda suka ga alamun ciwo ne, don haka adadin ba ya wakiltar kowa. Duk da haka, illar da ke zuwa daga karon yau da kullum wanda doka ta yarda da shi da wuya a kira ta tsautsayi. Mai bin da ya guje wa dambe bisa hujjar McCormick, ya koma kallon zari-ruga bayan sujadar Lahadi da kwanciyar rai, ya gudu ne bai tsira ba.

Mafakar ƙarshe ta masu halattawa ita ce Romawa sura ta 14, inda Bulus ya bar zancen cin nama da kiyaye ranaku ga lamirin kowa. Nassi ne mai sanyaya gardama, shi ya sa ake son sa. Sai dai naman da ake magana a kansa an riga an yanka shi, ci ko ƙin ci ba zai ƙara wa dabbar zafi ba. Dambe kuwa don ɗan kallo ake shirya shi, kuɗinsa ne ladan, kuma abin da ya fi yi wa tafi shi ake ƙarawa. A Mayu 2015 Manny Pacquiao, wanda ya shahara da wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki, ya kara da Floyd Mayweather a Las Vegas, gidaje kimanin miliyan 4.6 suka biya kuɗi don kallo. Aka yi turmi 12 cur, Mayweather yana kauce-kauce da gwanintar da masana dambe suka yaba, ba wanda ya taɓa ƙasa. Washegari ƙorafin da ya cika gari shi ne wasan bai yi armashi ba.