Mai Bin Sawun Wuta

Direba ba ya ganin danjar motarsa. Sai wani mai babur ya ƙwanƙwasa masa gilashi ya ce, "Alhaji, birkinka ba ya kawo wuta." Daga nan sai wurin rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota. Akwai wani dattijo da nake kai wa tawa a wajen Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da ke burge ni da shi, ba ya ɗaukar sukudireba sai ya gama kallo.

Yakan sa yaronsa a kujerar direba, shi ya tsaya a baya.

"Taka."

"Na taka, Oga."

"Saki. Kunna ƙaramar wuta."

A nan rabin aikin yake. In fitilu ukun duka sun mutu, ta dama da ta hagu da ta saman gilashi, to ko fiyus ne, ko ɗan makunnin da ke maƙale a saman abin taka birki. In ta sama ta kama, makunnin lafiyarsa ƙalau. In gefe ɗaya ne kawai ya yi duhu, matsalar tana nan kusa, tsakanin ƙwan fitila da soket da waya. Bai kwance komai ba, amma ya riga ya san inda ba zai ɓata lokaci ba.

Sannan ya ɗauko testa, wani ɗan tsinke mai ƙwan fitila a ƙugu da waya mai baki kamar na kada. Ya maƙala bakin a jikin ƙarfen mota, ya riƙa taɓa mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da tsinin, kamar mai lambu yana bin kwalbati don ya ga inda ruwa ya tsaya. Batirin mota na ba da wuta bolt 12, in inji na aiki ta kai wajen 14. Inda testa ta daina haske, nan zai tsuguna.

Amma wuta ba zuwa kawai take yi ba, dole ta koma, kuma jikin motar ne hanyar komawarta. Wayar fitila da ake ɗaurewa a ƙarfe ita ce at. In tsatsa ta ci gindinta, wutar takan ratsa ta wata fitilar, shi ya sa za ka taka birki sigina ta ɗan kawo haske. Dattijon yakan kwance notin, ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya mayar ya ɗaure. Yakan kuma buɗe robar da ke rufe wayoyi a maƙogwaron but, don buɗewa da rufewa na shekaru kan karya jan ƙarfen a ciki alhali fatar waje ba ta nuna komai.

Fitilar LED kuwa halinta daban. Tsohon ƙwan danja zare biyu gare shi, na wat 5 da na wat 21, ko ta ina wuta ta shiga zai kama. LED ta hanya ɗaya take karɓa, don haka wani lokaci gyaran bai wuce a zare ta a juya a mayar ba. Ƙwayoyinta a jere suke, hannu da hannu, in ɗaya ta mutu ko dalmar ƙafarta ta tsage saboda gargada, layin duka ya yi duhu. Ga ta da ƙarancin cin wuta, har mota takan ɗauka ƙwan ya ƙone, sigina ta shiga ƙyaftawa da sauri. Maganin wannan shi ne a haɗa rezista, wani ɗan ƙarfe mai shanye wuta, a kuma ɗaure shi a jikin ƙarfe nesa da roba, don zafi yake yi sosai.

Wani da ya ga duhu zai ce a sayo sabuwar fitila ɗungurungum, ko ya naɗa waya a madadin fiyus ya sallame ka. Shi dattijon yakan gasa murfin fitilar a hankali har gam ya saki, ya tsane ruwan saman da ya shiga, ya kankare koren da ya hau tagulla, ya ɗiga sabuwar dalma a ƙafar da ta tsage.

Gyaran ya cancanci wannan wahala. LED kan riga tsohon ƙwai kamawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma ga mai gudun kilomita 100 a awa, wannan ya haura mita 5 na kwalta.

Da ya rufe murfi ya ja da baya taku uku.

"Taka."

Ja ya cika bangon garejin, dama da hagu da sama.