Fom ɗin da ba shi da rumbu

Ba kowane fom na intanet ne ke da rumbun bayanai a bayansa ba. Wani aikinsa kawai ya karɓi suna da lambar waya ya tura wa mai kaya saƙo. Wani kuma ya lissafa maka kuɗin dakon buhu daga Gaya zuwa Dosso, shi ke nan. A irin wannan fom ake gane gwanin rubuta manhaja. Rumbu kan mayar da abin da bai dace da shi ba; in babu shi, kowane shirme zai wuce salin alin.

Gwani yakan gina wa fom ɗin tsari nasa na kansa, ya rataya masa sharuɗɗa, ya hana shi aika komai sai sun cika. A cikin kayan gina manhaja, a 2010 Rails 3 ya zo da ActiveModel, wanda ya sauƙaƙa wannan aiki, Django ma yana da Form daban da ModelForm. Kayan aiki dai akwai. Sanin mutanen da za su cika fom ɗin ne ba kowa ke da shi ba.

Ɗan kasuwar Bengou ta Nijar yana hulɗa da Kamba ta Najeriya da Malanville ta Benin, don haka lambobin ƙasa uku ne a wayarsa. Ta Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227. Ta Najeriya 11 ce, amma sifilin farko yana faɗuwa in an sa +234. Benin kuwa ta ƙara 01 a gaban lambobinta ranar 30 ga Nuwamba 2024, suka koma 10. Wanda ya kafe fom ɗinsa a kan takwas ya rufe wa abokan ciniki na Benin da Najeriya ƙofa. Gwani yakan fara share tazarar da mutane ke sawa tsakanin alƙaluma, ya gano ƙasar, sannan ya ƙirga.

Wajen kuɗi ne ya fi burge ni. Ya san ɗan kasuwar Bengou da dala yake lissafi, dala ashirin sefa 100 ce, sai ya rubuta ƙarara ko sefa ake nufi ko naira. Wajen suna kuma, ba ya korarsa don yana da ƙ ko ɗ.

In an yi kuskure, saƙonsa gajere ne: "Lambar Benin alƙaluma 10 ce yanzu." Sauran abin da ka cika yana nan bai goge ba, domin ya san da guminka ka sayi datar. Bayan binciken da wayarka ta yi, yakan sake wani a sabarsa, tunda na wayar ana iya kewaye shi.