Kau da Kai: Tsokaci a Kan Fim Ɗin Blue Jasmine

Mun kalli Blue Jasmine, wanda Woody Allen ya shirya a 2013, a ɗakin wani ɗalibi a Sabon Garin Keffi, mu bakwai a gaban kwamfuta ɗaya. Da aka tashi, mafi yawanmu cewa suka yi girman kai ne ya kayar da matar, shi ke nan. A ganinmu wannan hukunci ya yi gaggawa.

Jasmine matar Hal ce, attajirin birnin Niyok da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan zai juya musu, alhali damfara yake yi, irin ta Bernie Madoff da aka kama a 2008, ko ta MMM da ta cinye kuɗin 'yan Nijeriya a ƙarshen 2016. Asiri ya tonu, aka ƙwace dukiyar, Hal ya rataye kansa a kurkuku. Jasmine ta tattara ta nufi San Faransisko wurin 'yar'uwarta Ginger, mai aiki a kantin kayan masarufi. Ba ta da ko sisi, amma a kujerar manya ta zauna cikin jirgi, da akwatunan Louis Vuitton.

Girman kan nata a fili yake, sai dai jigon fim ɗin kau da kai ne. Zubin labarin ya dogara ne ga waiwaye, kuma kusan duk waiwayen da aka yi yana nuna mana abin da ta gani ta yi kamar ba ta gani ba: takardun da take sa wa hannu ba tare da karantawa ba, da matan da mijin ke bi. Dala 200,000 da Augie, mijin Ginger a lokacin, ya ci a caca, ita ce ta ba da shawarar a damƙa wa Hal. Kuɗin suka salwanta, auren ma ya mutu. Sai dab da ƙarshe aka bayyana cewa ita da kanta ta kira hukumar FBI, ranar da Hal ya ce zai bar ta saboda wata yarinya Bafaranshiya. Ashe ta sani tun tuni. Muddin ana ci da ita bakinta a rufe yake, kishi ne kawai ya buɗe shi. Wannan ɓoyo shi ne gwanintar zubin, domin yana tilasta wa mai kallo ya sake auna tausayin da ya riga ya ji mata.

Mai karatun adabinmu zai tuna da Rabi ta littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), wadda miji ya kora ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Rabi tana da sana'a da dangi. Jasmine kuwa ko sunanta na aro ne, don Jeanette aka raɗa mata, ta sauya. Shi ya sa da ta haɗu da Dwight, jami'in diflomasiyya, ba ta iya kawo masa komai ba sai ƙarya, wai mijinta likita ne da ciwon zuciya ya kashe.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne wurin talakawansa. Ginger da saurayinta Chili an zana su da kaushi, ihu da giya da kallon wasa a talabijin, kamar mai shirin ma da idon Jasmine yake kallonsu. Augie kaɗai aka bai wa bakin faɗar abin da aka yi masa.

Cate Blanchett ta karɓi lambar Oska a 2014 saboda wannan rawa, kuma ta cancanta. Masu shirya finafinanmu da sun kawo malami ya yi nasiha, ko a sa ta kuka tana neman gafara. A nan an bar ta zaune a kan benci a bakin hanya, gashi jiƙe, tana magana ita kaɗai, har matar da ke gefenta ta tashi ta ba ta wuri.