Bokiti Huɗu da Sirinji: Masu Ceton Ruwan Sha a Boutalbagar

Sunan unguwar ma ya isa ya ba ka labarinta. A Larabcin Chadi, buta ba ta alwala ba ce, kududdufi ne inda ruwan sama ke kwanciya. Bagar kuwa shanu. Boutalbagar ke nan, tafkin shanu, wadda a yau ta zama unguwa maƙare da jama'a a gunduma ta 7 ta birnin N'Djamena. Shanun sun ja baya, gidaje sun maye gurbinsu, amma ƙasar tana nan yadda Allah ya yi ta, shimfiɗaɗɗiya, mai laka, ba gangaren da ruwa zai bi ya wuce. Da Agusta ya kama, sai ruwa ya dawo inda ya saba kwana.

Bututun kamfanin ruwa na ƙasa, STE, bai kai ga gidaje da yawa na unguwannin gefen birni ba. Jama'a sun dogara ne da rijiyar burtsatse da aka haƙa da hannu, da famfon tuƙa-tuƙa a bakin masallaci ko ƙofar gida, da tankin wani mai hali, sai 'yan garuwa masu tura kura. Ga kuma masai a kusan kowane gida. To, ranar da ambaliya ta cika masai ya tumbatsa, ruwan ya bi tsagewar daɓen famfo ya sulale ƙasa, sauran labarin mutanen Chadi sun san shi. A 2011 kwalara ta kama sama da mutum 17,000 a ƙasar. A watan Oktoba na 2022, da kogunan Shari da Logone suka cika suka batse, sai da Shugaba Mahamat Idriss Déby ya kafa dokar ta-ɓaci. A 2024 ambaliya ta shafi kusan mutum miliyan 2, ta yi ajalin sama da 500.

A irin waɗannan ranaku ake ganin ma'aikatan ruwa da tsafta, da 'yan sa-kai na ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, cikin takalman roba, riƙe da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Wanda bai sani ba zai ce ai aikin zuba magani ne a rijiya, kowa ma zai iya. Ba haka ba ne.

Gwanin wannan aiki in ya iso, tambaya yake fara yi. Gidan wa aka fara amai da gudawa? Yaushe? A wane famfo suke ɗiba, wane ɗan garuwa ke kawo musu? Sai ya je ya durƙusa gaban famfon, ya bi daɓen da yatsa yana neman tsaga, ya taka ƙafa ya auna tsakaninsa da masai mafi kusa, wanda a ƙa'ida bai kamata ya gaza mita 30 ba. Mai famfon zai cika kofi ya ɗaga ya ce, “Malam, dubi ruwan nan garai-garai.” Shi kuwa ya san ƙwayar kwalara ba ta da launi, ba ta da wari. Zai ɗebi ruwan a kwalba a kai awo, amma awon ƙwayoyin cuta kan ci kusan kwana guda, kwalara kuwa takan kashe ƙato cikin sa'o'i. Ba ya zaman jiran takarda. Ruwa ba ya tsami banza. In gidaje uku da suka kwanta duk famfo ɗaya suke sha, hujja ta samu.

Sai maganar rufe famfon, kuma a nan ne nake ganin hankali ya fi ilimi aiki. Ɗaure hannun famfo da sarƙa abu ne na minti biyu. Amma matar da ke da yara da tukunya a kan murhu ba za ta kwana ba ruwa ba. Za ta tura yaro tafki, an gudu gara an faɗa gidan zago. Saboda haka wanda ya san aikinsa ba ya sa kwaɗo sai ya nuna inda za a koma, ko wani famfon da ke kan tudu, ko tankin da mota za ta riƙa cikawa. Yakan fara da mai unguwa, ya roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallah, ya zauna da mata tunda su ne masu randa. 'Yan garuwa kuwa ba ya yi musu kallon masu laifi, don ya san kura ɗaya tana shiga gidajen da shi ba zai zagaya ba a wuni. In suka yarda aka wanke jarkokinsu, rabin aiki ya ƙare.

Yanzu ka tsaya ka ga awon. Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam ba a yarda da ido. Zai sa safar hannu, ya ɗebi giram 15 na garin kulorin mai ƙarfi, kimanin babban cokali shafe, ya dama a lita ɗaya ta ruwa cikin mazubin roba, don kulorin yana cin ƙarfe. Sai ya jera bokiti huɗu masu lita 20, ya cika su da ruwan da ake shakka. Da sirinji marar allura zai ɗiga mililita 1 a na farko, 1.5 a na biyu, 2 a na uku, 2.5 a na huɗu. Ya gauraya, ya dubi agogo. Minti 30 cur, ko da yara sun kewaye shi, ko da dattijo yana cewa a yi sauri. Daga nan ya ɗebi kaɗan daga kowane bokiti a wata 'yar ma'auni mai gilashi, ya jefa ƙwaya, ruwan ya rine ya koma ruwan hoda, ya ɗaga ta sama yana gwada launin da lambobin gefe. Abin da yake nema shi ne bokitin da ya rage da miligiram 0.5 a kowace lita.

Dalilin wannan wahala shi ne, kowane ruwa da irin cinsa. Dattin da ke ciki shi ke fara lashe kulorin, ragowar ce ke gadin ruwan a jarka da randa har zuwa lokacin sha. In ya yi kaɗan, an yaudari jama'a. In ya yi yawa, ruwa ya yi warin kulorin, mutane su zubar su koma inda suka fito. In kuwa ruwan ya yi kauri da laka, sai an sa alam ya kwanta an tace tukuna, in ba haka ba an yi asarar magani.

Ita rijiyar kanta ana yi mata wankan kulorin mai ƙarfi, a bar ta ta kwana, a tuƙe ruwan a zubar har warin ya tafi, a ɗinke daɓen da siminti. Sai dai gwani ya san iyakar wannan. In ƙazantar ta riga ta shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa, kwana kaɗan za ta dawo. Shi ya sa ake zaunar da mutum a bakin famfo da sirinjinsa, daga asuba zuwa magariba, yana ɗiga wa kowace jarka rabonta. Haka ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a Am Timan a 2016 da 2017, lokacin da ciwon hanta nau'in E, mai tsanani ga mata masu juna biyu, ya ɓarke a garin.

Kuma in tsohuwa ta shinshina ta ce wannan ruwa ba da ita ba, ko jita-jita ta tashi cewa maganin hana haihuwa ne, ba gardama yake yi ba. “Inna, ba ni moɗarki,” in ji shi. Ya cika, ya yi bisimilla, ya shanye a gabanta, sannan ya nuna mata yadda moɗar da kowa ke tsomawa da hannu take mayar da cutar cikin randa.

Masu unguwanni da limamai, a Boutalbagar ko Maradi ko Maiduguri, ku nemi a koya wa samarinku biyu ko uku wannan awo tun da rani, a ajiye garin kulorin a rufe a inuwa, don zafi yana kashe ƙarfinsa. Ranar da ruwa ya shigo gari, motar agaji ba lallai ta samu hanyar unguwarku ba.